Kwaɗo da Teburin Kawu

Duk danginmu babu mai kiranta da sunanta na gaskiya. Kwaɗo muke ce mata, kuma ba na ruwa ba, na ƙofa. An ce ranar da aka haife ta hannuwanta a dunƙule suka zo, sai da ungozoma ta haɗa ta da Allah kafin ta buɗe. Da ta fara wayo, komai ta samu sai ta kulle: akwatin littattafai, gwangwanin allura, har kejin tantabarun da ba nata ba. Ka ce ta ara maka fensir, sai ta tambaye ka me za ka rubuta, yaushe za ka gama, wa zai tsaya maka.

Tana ƙarama mahaifinta ya rasu. Kawu, yayan mahaifiyarta, ya ɗauko ta ya kawo gidansa. Shi da matarsa Inna Allah bai ba su haihuwa ba, sai suka juye duk son da suka tara a kanta, har sauran 'ya'yan dangi suka fara tunanin ko maraici sana'a ce. Sunan kakarmu gare ta, don haka Kawu bai taɓa ce mata Kwaɗo ba, Uwata yake cewa. Mai zanen gine-gine ne a wani kamfanin gini, siririn tsoho mai fensir a bayan kunne ko wanka zai shiga. Da wannan fensirin ya yi mata makaranta har ta ƙure ta.

Aikin da ta samu kuwa, dangi sun sha wuya kafin su gane shi. A da, kowane ma'aikaci kwamfutarsa na ƙarƙashin teburinsa tana huci tana shan ƙura, ɓarawo na iya saɓa ta a kafaɗa ya tafi da asirin kamfani gaba ɗaya. Sai aka yashe cikin kwamfutocin aka kai wasu manyan rumbunan haya can nesa, waɗanda suke kira gajimare. Kamfanoni rututu ne a ciki, kowa da ɗakinsa da makullinsa. Abin da ya rage a gaban ma'aikaci allo ne da wata 'yar akwati kamar sabulu. Da safe ya buga kalmar sirrinsa, a aiko masa da teburin aikinsa ta intanet yadda ya bar shi jiya. In ya tashi, teburin ya koma inda ya fito. To Kwaɗo ce mai gina waɗannan teburan, ita ke raba su, ita ke kulle su. Wato dai an ɗauki halinta an mai da shi albashi.

Ofishinsu ɗaki ne a saman bene, sanyinsa ya isa a ajiye kifi. Taga ɗaya gare shi, ita ma bango take kallo. A allon da ke gabanta akwai ɗigo-ɗigo kore, kowane ɗigo mutum ne yana aiki a wani wuri. A gefenta abokin aikinta Dogo yake zama, wanda in ya miƙe ƙafa sai ta fita ta ƙarƙashin ƙofa. Dokokin wurin kaɗan ne, kuma yawancinsu ita ta tsara su: ba a soka filas a kwamfuta a kwashi fayil, ba a tura fayil waje, duk abin da ita kanta ta taɓa ana rubuta shi a inda ko ita ba ta isa ta goge ba.

Ana nan sai kamfanin su Kawu ya ba su kwangila. Ita da kanta ta je ta zare tsohuwar kwamfutarsa.

"Uwata, ina za ki kai min ita?"

"Ta tsufa, Kawu."

"Ni ma na tsufa. Ni ma gajimaren za a kai ni?"

Ya yi mako yana hararar 'yar akwatin, daga baya ya zama shi ke mata talla a cikin dangi. Sai dai a wajen kwashe kayan Kwaɗo ta ga wani tarin fayil da sunan Inna a kai. Shekarar da Inna ta rasu, Kawu ya ɗauki kundin hotunan gida ya kai ofis, yana sa su a sikana su shiga kwamfuta ɗaya bayan ɗaya lokacin hutun rana. Bayan haka famfo ya fashe a cikin bangon ɗakinsa, ruwa ya kwana a kabad, kundin ya zama dunƙulen takarda da ko kaza ba za ta tsattsaga ba. Ke nan fuskar Inna babu inda ta rage a duniya sai a teburin kamfani.

"Kawu, teburin nan ba naka ba ne, nasu ne. Ka nemi izini a fitar maka da hotunan."

"Wa ke riƙe da makullin?"

"Ni."

"To ai suna gida ke nan."

Ta faɗa, ta sake faɗa, har harshenta ya yi kanta. Kullum amsarsa ɗaya: wata mai zuwa. Shi dai in rana ta yi tsaka, ya ture zane gefe, ya buɗe hotunan, ya sha shayinsa a gabansu.

Wata safiya saƙo ya shigo daga Madam, mai kula da ma'aikatan kamfanin ginin. Aiki ya ja baya, za a sallami mutane. Yadda ake yi a wannan sana'a, ana sanar da masu makulli tun da safe, su kuma su ja bakinsu su yi gum. Sai an kira mutum ya zauna a gaban Madam, sannan a rufe teburinsa, don kada ɓacin rai ya sa ya kwashi abu ko ya ɓata. In an tashi aiki a goge teburin ƙarƙaf, kamar ba a taɓa yin sa ba. Kwaɗo ta sha yi wa mutane haka ba tare da ta ajiye kofin shayinta ba. Ran nan sai ga sunan Kawu a tsakiyar sunayen.

"Ke, lafiya?" in ji Dogo. "Kin yi tsit kamar an zare miki caja."

Ta juya masa allon. Ya karanta, ya ja ƙafafunsa ciki.

"Innalillahi. Tsohon ne? Tashi ki shiga banɗaki ki buga masa waya, ni ban ga komai ba."

"In ce masa me? Ya kwashe hotunan? Da me? Ni na toshe ramin filas ɗin da hannuna."

"To ke ki kwashe mana. Makullin duniya na aljihunki."

"Don ba na yi shi ya sa aka ba ni."

Ba ta rufe baki ba wayar tebur ta yi ƙara. Kawu ne.

"Uwata, kin tashi lafiya? Wannan 'yar kibiyar tawa ta kan allo yau tafiyar hawainiya take. Na tura ta gabas tun ɗazu, sai yanzu ta isa."

"Bari in duba, Kawu."

Ta duba. Babu komai sai nauyin zanen da ya buɗe. Ta ƙara masa ƙarfin injin, abin da sai an roƙe ta da kuka take yi wa mutum.

"Yauwa! Ga ta tana gudu kamar an biyo ta. Allah ya yi miki albarka. Muryarki fa? Mura ce?"

"Sanyin ofis ne."

"Ki riƙa sa rigar sanyi. Ki zo ƙarshen mako, fankar falo ta fara waƙa."

"To, Kawu."

Ta ajiye wayar da hannu biyu. Dogo bai kalle ta ba, ya kama goge madubin idonsa da bakin riga.

Ƙofa ɗaya ce doka ta bari. Ana iya rufe tebur a ajiye shi zuwa ƙarshen wata ba a goge ba, amma sai da dalili, da sunan wanda ya nema, da yardar Madam. Kwaɗo ta kira ta. Madam mace ce mai murya kamar an goge ta da dutsen guga, babu lanƙwasa ko ɗaya.

"Kayan kansa a teburin kamfani? Ai ya san doka."

"Ya sani. Ni ma na sani. Hotunan matarsa ne, ta rasu, babu wasu. Kuma gara ki ji daga bakina, kawuna ne. Shi ya raine ni."



"Kin gaya masa?"

"Ban gaya masa ba."

"Zuwa ƙarshen wata. Kuma babu abin da zai fita sai na gan shi da idona, ɗaya bayan ɗaya. Ki ba wani ya rufe nasa."

Dogo ma ya miƙo hannu. "Kawo in danna miki."

"Bari. In ya tambaye ni wa ya rufe, ba na so in ce wani ne."

Hantsi ya ɗaga, ɗigogi suka fara mutuwa ɗaya-ɗaya yadda Madam ke aiko da sunaye. Can sai saƙon ya zo: ya shigo. Kwaɗo ta kai kibiya kan sunan Kawu. Ta danna. Koren ɗigon ya koma ruwan toka.

Da la'asar ta same shi a falo. Fankar na juyi tana kukanta. A gabansa kwali ne, a ciki kofin shayi, rula, da silifas ɗin da yake sawa a ƙarƙashin tebur. Fensirin na bayan kunne. Ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa a taƙaice.

"Da na koma in ɗauki kayana, allon ya ce bai san ni ba," in ji shi. "Maigadi na tsaye a kaina, yaron da ni na koya masa ɗaura agogo." Ya ɗago. "Wa ya rufe?"

"Ni ce."

"Lokacin da na kira ki kan kibiya, kin sani?"

"Na sani, Kawu."

Ya gyaɗa kai a hankali, kamar wanda aka gaya wa tsawon katako.

"Har da sa miki albarka."

Ta sunkuyar da kai. Sannan ta ce masa hotunan na nan, ba a goge ba, an ba su zuwa ƙarshen wata. Abin da ake bukata kawai ya je ofis, Madam ta duba su, a zuba masa a filas.

"In koma can? In zauna a benci ina jira kamar mai neman aiki, matar da ta kore ni tana bincike a fuskar matata, ko na ɓoye bulo a bayanta?" Ya ture kwalin da ƙafa. "A goge."

"Kawu..."

"Na ce a goge. Ai kin iya."

Labari ya zaga dangi kafin ta isa gida. Aka ce Kwaɗo ta kulle kawunta. Wasu suka ce da hannu ɗaya ta yi, ɗayan na riƙe da biskit. Goggonni suka yi ta kiran juna har wayoyi suka yi zafi. Ita ba ta tanka wa kowa ba. Kullum in ta tashi aiki sai ta biya ta gidan Kawu, ta gaishe shi, ta share falo, ta wanke kofi. Ta sa aka gyara fankar, sai shirun ya ƙara fitowa fili. Ba ya korar ta, ba ya kuma tsayar da ita. Da safe ta je ofis ta tarar da ɗigon nan mai ruwan toka yana jiran ta, wata kuma na ta ƙarewa.

Ana saura 'yan kwanaki, tana haɗa wa wani injiniya teburinsa a can wurin gini, a cikin kwantena, sai abin ya faɗo mata. Ai tebur ba shi da gida. Duk inda ta aika shi nan yake zuwa. Ta rufe aikin, ta hau mota ta tafi ofishin Madam.

"Ni in je gidan mutumin da na sallama?" in ji Madam. "Ya jefe ni da kujera?"

"Kawu ba ya jifa. Shiru yake yi, kuma gara kujerar."

"Doka ba ta ce in bi mutane gida ba."

"Ba ta kuma ce a ofis za ki gani ba. Cewa ta yi ki gani. Zan buɗe masa teburin a laftof ɗin aiki, ido kawai ba hannu, ya kalla amma ba ya iya canza komai. In ya ƙi zuwa, ran ƙarshen wata ni zan goge, kuma zan goge. Ina so ne kawai kafin nan in san babu ƙofar da ban ƙwanƙwasa ba."

Madam ta jawo kalandarta, ta ce gobe da rana.

Shi kuwa Kawu ba a nemi shawararsa ba. Cewa kawai Kwaɗo ta yi masa, "Gobe da rana kana da baƙuwa." Washegari ya leƙo ya ga Madam a bayan Kwaɗo a bakin ƙofa, takalmanta a hannu, tana neman inda za ta ajiye. Fuskarsa ta ɗaure. Amma mutumin da ya yi shekaru yana yi wa yara faɗa kan barin baƙo a tsaye, bakinsa ya riga zuciyarsa.

"Bismillah, shigo. Kawo mata ruwa."

"Ina wuni, Baba."

"Lafiya." Ya nuna mata kujerar da ta fi laushi.

Kwaɗo ta ɗora laftof a kan ƙaramin tebur, ta juya masa. Ya buga kalmar sirrinsa da yatsa ɗaya. Teburin ya buɗe yadda ya bar shi ranar nan, da zane a shimfiɗe rabi da rabi. Ya kau da kai daga zanen, ya shiga hotunan.

Da farko Madam kallon ma'aikacin kwastan take musu. Hoto ya fito, ta ce wuce. Ga Inna tana budurwa a gaban keken ɗinki. Wuce. Ga Inna ta rufe ido don hasken kyamara. Ga wani kuma ta rufe ido.

"Haka take," Kawu ya faɗa, ba da kowa yake ba. "Duniya ba a taɓa samun ta da ido a buɗe ba sai sau biyu. Mai hoto ya ce in riƙe mata fatar idon."

Dariya ta kuɓuce wa Madam, ta yi sauri ta rufe baki. Ta gyara zama.

"Wannan fa, Baba, ina ne?"

"Tsohon gidanmu na haya. Kin ga wannan tagar? Ni na fasa ta, mai gida ya kusa kai ni kotu. Ta ce ba ta ganin ramin allura."

Daga nan ya daina jiran a ce wuce. Shi ke tsayawa, shi ke bayani, yana nuna allon da gindin fensir. Kwaɗo na zaune a ƙasa gefen kujerarsa. Rabon da ta ga fuskar Inna tun kafin ruwan famfo, domin duk shekarun da hotunan ke ƙarƙashin makullinta ba ta taɓa buɗe su ba. Ta bar hawayen suna sauka, ba ta share ba, kada motsin hannu ya sa a juyo.

Can sai ga wani tsohon zanen gini a cikin hotunan, takardar ta yi ja.

"Wannan na kamfani ne," in ji Madam a hankali.

"Na sani. Shi ne na farko da na zana musu."

"Ka yi haƙuri, Baba. Ba zai fita ba."

Ya kalle shi ya kalle shi, sannan ya wuce da kansa.

Da suka ƙare, Madam ta ba da izini, Kwaɗo ta buɗe ƙofar da ta toshe, ta zuba hotunan a filas, ta mai da ƙofar ta rufe. Kawu bai karɓa ba tukuna. Idonsa ya koma kan zanen da ke shimfiɗe.

"Matakalar nan a iska na bar ta," ya ce. "Ba ta kai bene ba. In yaran nan suka gina ta haka, mutum zai hau ya taka sama. A bar ni in ƙarasa."

Kwaɗo ta kalli Madam. Madam ta girgiza kai.

"Ba ni da wannan ikon, Baba."

Bai yi musu ba. Ya jawo rula daga kwali, ya yage takarda daga kalandar bango ya kifa ta a kan gwiwa, ya zare fensirin daga kunne. Yana duban allo yana ja, yana duba yana ja. Da ya gama ya rubuta awon a gefe da ƙananan haruffansa, ya hure takardar, ya miƙa wa Madam.

"Ki ba wanda ya gaje ni. Ki ce ya kula da kwanar, a nan ake faɗuwa."

Ta karɓa da hannu biyu.

"Yanzu sai me?" Ya juyo wajen Kwaɗo. Karon farko ke nan da ya dube ta sosai tun ranar.

"Sai a goge teburin, Kawu."

"Wa zai goge?"

"Ni."

"To tsaya in fita tukuna. Ran nan ba a bar ni na fita ba."

Ya kama linzamin laftof ɗin, ya rufe zanen, ya rufe hotunan, ya kai kibiya can ƙasa inda ake fita, yadda yake yi kullum in an tashi, ya danna. Allon ya koma fari. Ya tura mata laftof ɗin.

"Yi a gabana."

Ta jawo shi. Na'urar ta tambaye ta ko ta tabbata, ta ce ta tabbata. Sunan Kawu ya ɓace daga cikin jerin, na ƙasa ya hau ya cike gurbin.

Madam ta yi sallama, ya raka ta har bakin ƙofa, ya tsaya sai da ta sa takalmi. Ya dawo ya zauna, yana juya filas ɗin a tafin hannu, abu ɗan ƙarami kamar ƙwayar dabino.

"Kin yi aikinki," ya ce. "Ban ce na ji daɗi ba. Ba na jin zan ji."

"Na sani, Kawu."

"Wannan abin ban yarda da shi ba, zai bi wanki. Ki kai wa mai hoto ya wanke su a takarda." Ya miƙa mata, ta buɗe hannu ya saka. "Bibbiyu za a yi. Ɗaya a nan, ɗaya a gidanki. Kuma ki duba bangon da za ki jingina su, kada famfo ya bi ta ciki."